Manhajojin Sauraron Waƙa: Wa Ke Ƙirga Kunnen Bahaushe?

Kwanakin baya wani ƙanena da ke karatu a Turkiyya ya turo mini adireshin wata waƙa ta WhatsApp, ya ce, "Yaya, don Allah saurari wannan, akwai wata ganga a ciki kamar kalangu." Na latsa. Manhajar ta buɗe, ga hoton mawaƙin, ga sunan waƙar, amma rubutun ya dusashe, a ƙasa kuma an rubuta cewa ba a samun wannan waƙa a ƙasar da nake. Manhaja ɗaya muke amfani da ita ni da shi, kuma kowannenmu yana biyan kuɗin wata. Da na gaya masa, sai ya yi abin da kowane ɗan gida zai yi. Ya kunna ta a kwamfutarsa, ya kara waya ya naɗa, ya turo mini a saƙon murya. Na ji waƙar, har da tarin abokin ɗakinsa a tsakiya. Mawaƙin bai sami ko sisi daga wurina ba, kuma babu littafin da aka rubuta cewa wani mutum a Kano ya saurare shi ranar.

Kamfanonin nan suna tallata kansu da cewa waƙoƙin duniya duka suna aljihunka. Spotify da Apple Music kowanne yana cewa rumbunsa ya haura waƙa miliyan 100, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai ƙofar rumbun ba iri ɗaya take buɗewa ga kowa ba, kuma dalilin ya girmi intanet nesa ba kusa ba.

Kowace waƙa da aka naɗa tana da masu ita kashi biyu. Akwai mai naɗin, wato sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda galibi kamfanin faifai ne. Akwai kuma mai baiti da kari, wanda ya zauna ya tsara waƙar, shi kuma wasu kamfanoni da ƙungiyoyin karɓar kason mawaƙa ne ke tsaya masa. Kamfanoni uku kacal, Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da wajen kashi biyu bisa uku na cinikin naɗaɗɗun waƙoƙi a duniya. Dokar haƙƙin mallaka kuwa kowace ƙasa da tata. Tun zamanin faifan garmaho ake sayar da izinin waƙa yanki-yanki, wannan kamfani ya riƙe Turai, wancan ya riƙe Indiya, wani yankin ma ba wanda ya damu ya saya. Intanet ta zo ta tarar da gonar an riga an raba ta, an kafa turaku. Saboda haka duk manhajar da ke son kunna waƙa a wata ƙasa, sai ta nemi lasisi daga ɓangarorin nan biyu don wannan ƙasar takamaimai. Inda aka rasa sa hannun mutum ɗaya, waƙar ta dusashe ke nan, kamar yadda na gani.

Wadda ta fi kowa shan wannan wahala ita ce Pandora, wata manhajar rediyon waƙa ta Amurka. Tun 2000 masu ita suka fara wani aiki na haƙuri: suka ɗauki masana kiɗa suna sauraron waƙa ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta siffofinta har wajen 450, irin muryar, saurin kiɗan, kayan da aka kaɗa, yadda amshi ke shiga. Ka ba ta sunan waƙa ɗaya, ta buɗe maka rediyo na masu kama da ita. Mutane daga ko'ina suka yi ta shiga, har 2007 lokacin da maganar lasisi ta sa ta fara rufe ƙofa ga waɗanda ba sa Amurka. Ta ɗan gwada Ostireliya da Niyu Zilan, ta tattara ta fita a 2017. Har yau manhaja ce ta Amurkawa kawai. Last.fm ta Landan, wadda ta yi suna wajen ƙirga duk abin da ka saurara ta haɗa ka da masu irin kunnenka, ita a 2009 sai ta ce rediyonta kyauta ne a Amurka da Ingila da Jamus, sauran duniya kowa ya biya yuro 3 a wata. Wato talakan Bamako ya biya, attajirin Landan ya ji a ɓagas, domin a can ne masu talla ke zuba kuɗi.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ke shafa. Jamusawa sun shafe daga 2009 zuwa 2016 suna buɗe bidiyon waƙoƙi a YouTube suna tarar da baƙin allo, saboda taƙaddamar kuɗi tsakanin kamfanin da GEMA, ƙungiyar da ke karɓar kason masu tsara waƙa a ƙasar. A Maris na 2021 masoya waƙoƙin Koriya ta Kudu a faɗin duniya suka wayi gari ɗaruruwan waƙoƙi sun ɓace daga Spotify, don yarjejeniyarsa da kamfanin Kakao ta ƙare, sai bayan kwanaki aka sasanta. A farkon 2024 Universal ya kwashe waƙoƙinsa daga TikTok na wajen wata uku. Mai biyan kuɗin wata bai mallaki komai ba, haya yake yi. Kaset ɗin da mahaifinka ya saya a Kantin Kwari ko a Sabon Gari yana nan a akwati ko da kamfanin da ya buga shi ya mutu. Jerin waƙoƙin da ka ɓata shekara biyar kana tarawa a manhaja kuwa, rigimar lauyoyi biyu da ba ka taɓa jin sunansu ba ta isa ta yi masa giɓi.

Spotify ya fara aiki a Suwidin a 2008, a lokacin da kwafar waƙa kyauta ta intanet, wadda Napster ta buɗe wa ƙofa a 1999, ta durƙusar da kamfanonin faifai. Dabarar Daniel Ek da abokinsa Martin Lorentzon ita ce su sa biya ya fi sata sauƙi. Dabarar ta ci. A 2024 cinikin naɗaɗɗun waƙoƙi a duniya ya kai dala biliyan 29.6 a lissafin IFPI, ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, kuma kashi 69 cikin ɗari daga sauraro ta intanet ya fito. Amma a duba yadda Spotify ya bi duniya: Amurka a 2011, Afirka ta Kudu a 2018, sannan Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Cadi sai a Fabrairun 2021, a cikin tarin ƙasashe sama da 80 da aka buɗe lokaci guda. Shekara goma sha biyu da ɗoriya muna jiran layi. A wancan lissafin na IFPI, duk Afirka kudu da Sahara dala miliyan 110 ta kawo, kuma wajen kashi uku bisa huɗu na wannan daga Afirka ta Kudu ne. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma ya san dalilin da ya sa ba a yi gaggawar zuwa ba.

Kafin su iso wasu sun riga sun shimfiɗa tabarma. Boomplay ta fito a Nijeriya a 2015 daga gidan Transsion, kamfanin Sin mai ƙera Tecno da Infinix da Itel, kuma ba ta jira ka neme ta ba, a cikin wayar kake tarar da ita ranar da ka ɓare kwali. Audiomack ta Niyu Yok ita kuma ta bar kowane yaro ya ɗora waƙarsa kyauta, mai sauraro kuma ya sauke ya ji ba tare da data ba. Su biyun sun gane abin da manyan suka daɗe ba su gane ba, cewa a nan data ita ce kuɗin, kuma mutum ya fi son ya sauke waƙa sau ɗaya da tsakar dare ya yi ta ji har wata. Haka abin yake a wasu wuraren. Larabawa suna da Anghami, Indiyawa suna da JioSaavn, Koriya tana da Melon, a Sin kuwa manhajojin Tencent ne ke da kasuwa, Spotify ba ya aiki a can sam.

Yanzu maganar kuɗi, wadda a nan ne mawaƙa da yawa ke ruɗewa. Za ka ji ana cewa manhaja kaza tana biyan kaza a kan kowane sauraro. Babu wani tsayayyen farashi haka. Abin da ake yi shi ne, a ƙarshen wata a tara duk kuɗin da aka samu a ƙasa ɗaya, na masu biyan wata da na talla, kamfani ya cire nasa, wajen kashi biyu bisa uku ya shiga tukunya. Sai a ƙirga sau nawa aka kunna waƙoƙi a ƙasar a watan, kowa a ɗebar masa gwargwadon yawan nasa. A ce ka biya kuɗin wata, ka kwashe watan ba ka saurari kowa ba sai Musa Ɗanƙwairo. Kuɗinka ba wurin masu waƙar Ɗanƙwairo za su nufa ba. Tukunyar Nijeriya za su faɗa, kuma idan wani tauraron Legas ya cinye, misali, kashi biyar cikin ɗari na duk sauraron ƙasar, to ya ci kashi biyar na kuɗinka ko da ba ka taɓa jin muryarsa ba.

Tukwanen kuma ba girmansu ɗaya ba. Lokacin da Spotify ya shigo Nijeriya naira 900 yake karɓa a wata, Ba'amurke kuma yana biyan dala 9.99. An ƙara farashin daga baya, amma faɗuwar naira tun tsakiyar 2023 ta cinye ƙarin, har kuɗin watanmu ya dawo wajen dala ɗaya, na Amurka kuma ya haura 11. Ma'ana, mawaƙi zai tara sauraro dubu goma a gida ya tarar bai kamo wanda ya sami dubu ɗaya a Landan ba. Ba mugunta ba ce aka shirya mana musamman, in an sa farashin Amurka a nan ba mai biya. Amma sakamakon shi ne duk mawaƙin da ya fahimci lissafin nan, idonsa waje yake kallo.

Akwai wasu ƙa'idoji biyu da suka fi cutar irin waƙarmu. Ana ƙirga sauraro ne da zarar waƙa ta kai daƙiƙa 30, kuma daga nan ko minti biyu ce ko minti ashirin, lada ɗaya ne. Makaɗin fada ko na jama'a irin Mamman Shata, wanda zai ɗauki amshi ɗaya ya yi ta gini a kai har kaset ya juya, a wannan ma'auni daidai yake da yaron da ya yi minti biyu da rabi. A lokacin da ka ji bakandamiya ɗaya, wani ya ji waƙa takwas, an ƙirga masa takwas. Shi ya sa waƙoƙin zamani a ko'ina suke ta gajarcewa, ana jefo amshi tun a farko kada mutum ya tsallake kafin daƙiƙa 30. Ta biyun kuma, tun 2024 Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba. Hujjarsu ita ce 'yan kwabban ba sa ma isa hannun mawaƙin, kuma ana ɗora waƙa wajen dubu 100 kowace rana a manhajojin nan, da yawa tarkace ne. Akwai gaskiya a ciki. A Satumban 2024 ma an gurfanar da wani mutumin Arewacin Karolina a Amurka bisa zargin ya haɗa dubban waƙoƙi da ƙirƙirarriyar basira, ya sa na'urori suna ta kunna su, ya kwashi sama da dala miliyan 10 daga tukunyar. Amma tarkon da aka ɗana wa ɓarawo yana kama mai begen Annabi na unguwa da mai asharalle, waɗanda jama'arsu ke da yawa amma ba a manhajar suke ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damuna, wato yadda manhaja ke zaɓa maka sabuwar waƙa. A 2014 Spotify ya sayi wani kamfanin nazarin sauti mai suna The Echo Nest, a 2015 kuma ya fito da Discover Weekly, jerin waƙa 30 da yake haɗa wa kowane mutum nasa duk ranar Litinin. Babban abin da yake dogara da shi ba wani sihiri ba ne. Yana duba mutanen da suke jin abin da kake ji, ya ga me suke ji wanda kai ba ka ji ba tukuna, ya miƙo maka. Yana duba waɗanne waƙoƙi mutane ke jerawa kusa da juna. Yana karanta abin da ake rubutawa a intanet game da mawaƙi, yana kuma auna sautin kansa. Sannan yana lura da kai: wacce ka tsallake, wacce ka maimaita, wacce ka adana. Bayan wannan akwai editoci, mutane masu jini a jika, da ke haɗa manyan jeri irin African Heat, wanda shiga cikinsa kan sauya rayuwar mawaƙi a mako guda.

Duk wannan gini a kan ƙirga yake tsaye. To ina ake jin waƙar Hausa? Ka je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko kowace tasha daga Maraɗi zuwa Garwa, za ka ga yaro a kan benci da tsohuwar kwamfuta da lasifika. Ka miƙa masa memori ka ce, "Malam, sa mini sababbi, ka haɗa da na bege kaɗan." Cikin minti goma ya cika maka, ka ba shi 'yan canji. Daga nan waƙar ta shiga Adaidaita Sahu, ta shiga teburin mai shayi, ta bi Xender daga waya zuwa waya, ta faɗa zaurukan WhatsApp na 'yan biki. Waƙa ɗaya za ta iya ratsa kunnen miliyoyin mutane ta wannan hanya, a idon manhaja kuma ba a taɓa kunna ta ba. Wannan yaron shi ne ainihin editan Arewa, ya san wadda ake yayi kafin gidan rediyo ya sani, amma ba wanda ke tambayarsa.

Ɗan abin da ya samu ya hau manhajar ma, sai rubutu ya tarwatsa shi. Gwada neman Ɗanƙwairo: wani ya rubuta Dankwairo, wani Dan Kwairo, wani ya sa Alhaji a gaba, wani ya sa Maradun a baya. Na'ura tana ganin mutum huɗu, kowanne da ɗan sauraronsa kaɗan, babu wanda ya kai a lura da shi. Tsofaffin kaset da yawa kuma ba magada ne suka ɗora su ba, wani ne kawai ya kwafa ya buɗe asusu a kamfanin rarrabawa, wato mai ɗora waƙoƙi a manhajoji. Wajen rabon aji kuwa, waƙar fim ta Kano da kiɗan kotso da waƙar siyasa duk akan jefa su kwando ɗaya da kiɗan Legas, ko a kira su kiɗan duniya, sunan da ake ba duk abin da ba a san inda za a ajiye ba. Ka saurari mawaƙin Hausa ɗaya, waƙa ta uku sai ka ji an kai ka Legas, don iyakar maƙwabtan da na'urar ta san masa ke nan.

'Yan kudu sun ci moriyar tsarin, kuma sun cancanta. Spotify ya ce mawaƙan Nijeriya sun samu sama da naira biliyan 58 daga wurinsa a 2024, ninki biyu da ɗoriya na shekarar da ta gabata. Waƙar Rema da Selena Gomez ta haye sauraro biliyan ɗaya a 2023. Amma a lura da inda wutar ta fara kamawa: 'yan kudu mazauna Landan da Hustan da Toronto, masu katin banki da intanet mara yankewa, su suka yi ta kunnawa a manyan tukwane har na'ura ta ɗauka wannan abin a kai wa Bature ne. Mu ma muna da jama'a a waje, da yawa ma, sai dai a zangon Kumasi suke, da Yamai, da Jidda, da Sabha, da garuruwan Sudan. Yawancinsu irin sauraronmu suke yi, na memori da tura-mini. Wurin da kawai ake ganin yawanmu a rubuce shi ne YouTube da TikTok, inda waƙar Hausa ke tara miliyoyin kallo, nan ma kuɗin tallan da ake biya a kan mai kallo daga Nijeriya ko Nijar kaɗan ne. Shi ya sa har yau mawaƙin Hausa da liƙin biki da kyautar ubangida da kwangilar 'yan siyasa yake rayuwa, manhaja allon talla ce kawai a wurinsa. Ni ban ga laifinsa ba. Abin da nake ganin sakaci ne shi ne barin suna a warwatse da barin wani ya ci gumin iyayen gidanmu da suka rasu, alhali gyaran wannan bai wuce takarda da haƙuri ba.

An gwada wata hanyar rabon, wadda kuɗin kowane mai sauraro zai tafi ga waɗanda shi ya saurara kawai. SoundCloud ya fara haka a 2021 ga mawaƙa masu zaman kansu. Ya fi kama da adalci, ko da yake binciken da hukumar kiɗa ta Faransa ta fitar a shekarar ya nuna abin da zai ƙaru ga yawancin ƙananan mawaƙa bai taka kara ya karya ba. In tukunyar ƙarama ce, sauya ludayi ba ya ƙara tuwo.

Akwai labarin da nake yawan tunawa. A 2008 wani matashin Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa a situdiyo, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ba a buga su a kamfani ba, ba a ɗora su a wata manhaja ba. Memori da Bluetooth ne suka ɗauke su suka ratsa hamada har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, da ke yawo da kwamfutarsa yana musayar waƙoƙi da matasa, ya tsinci ɗaya a wayar wani. Ya sa ta a faifan da ya fitar a 2011 na waƙoƙin da ya tara daga wayoyin Sahara, ya kuma bi sawu har ya samo mai ita. Shekara goma bayan haka Mdou Moctar yana tare da kamfanin Matador na Amurka, yana cika dakunan wasa a Turai, manhajoji kuma suna ta miƙa shi ga mutane suna cewa wataƙila za ka so wannan.

Saƙon muryar ƙanena yana nan a wayata. Na tura wa mutum huɗu. Ɗayansu direban Adaidaita ne da ke kai yarana makaranta, shi kuma ya kai wa yaron benci ya sa masa a memori, da tarin da komai.